SIRRIN KYAMARA: Wata ya ƙone, gari ya yi duhu, ina mafita?

Duk wanda ya taɓa bin 'yan fim lokeshin da daddare ya san wannan rigimar, domin kusan kullum sai an yi ta. A ɗauki misalin wasu samari daga Kusada da suka haɗa kuɗi za su shirya ɗan gajeren fim don sakawa a YouTube. Sun yi hayar kyamara daga Katsina ta kwana biyu, sun biya kuɗin motar jaruma, sun taho Kankiya saboda bakin titin Kano zuwa Katsina ya fi fitilu da kai-komon jama'a. Fitowar da ta fi tsaya wa darakta a rai ita ce ta bankwana: saurayi zai tafi ci-rani, ya tsaya da budurwarsa suna sallama, fitilun shaguna na bayansu, farin wata kuma na sama yana kallonsu.

Aka yi magariba babu wata. Aka yi isha'i babu wata. Sai can wajen ƙarfe tara ya leƙo ta bayan rufin kwano, lokacin gari ya yi baƙi ƙirin. Mai kyamara ya sa ido, ya murɗa nan ya murɗa can, sannan ya ɗago kai.

“Oga, akwai matsala fa. In na buɗe don gari ya fito, wata sai ya koma kamar ƙwan fitila. In na rufe don wata ya fito, gari ya mutu, ko hancin jaruma ba a gani. Wanne kake so?”

“Duka biyun nake so! Ba don haka muka biya kuɗin hayar wannan kyamarar ba?”

Wani dattijo mai shayi da ke gefe yana jin su, ya ajiye kofi ya ce, “Samari, in dai wata kuke nema da sauran hasken gari, ai kun makara da kwana uku. Yau sha shida ga wata.”

Darakta ya ce, “Baba, ai wannan maganar kyamara ce.”

To, a gaskiya Baba mai shayi ya fi su gaskiya, kuma abin da ya faɗa shi ne darasin wannan fili a wannan fitowar. Kyamara mai tsada ba ta raba wannan gardama. Abin da ke raba ta shi ne sanin kwanan wata da sanin mintunan da za a danna.

LAIFIN WA NE?

Abu na farko da ya kamata mai son ɗaukar hoto ya sa a kansa shi ne wata ba shi da hasken kansa. Ƙaton dutse ne mai nisan kimanin kilomita 384,000 daga duniya, rana ce ke haska shi. Wato a lokacin da Kankiya ke cikin dare, fuskar wata tana cikin tsakar rana ne tsaf. Don haka wanda ya saita kyamara kan wata da titi a lokaci guda, ya nemi ta ɗauki rana da dare a hoto ɗaya ke nan.

Ga lissafin. Masu hoto suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta ɗaukar cikakken wata: a sa ƙofar haske, wadda 'yan fim ke kira airis, a kan f/11, a sa ISO a kan 100, saurin shota kuma 1/100 na daƙiƙa. Da wannan saitin za a ga tabo-tabon fuskar wata ɗaya bayan ɗaya. Amma layin shaguna mai ƙwai biyu-uku da ɗan hasken janareta, a kan wannan f/11 da ISO 100 ɗin, yana bukatar shota ta zauna a buɗe daƙiƙa biyu, huɗu, wani lokaci har takwas. Tazarar ta kai ninki ɗaruruwa. In aka bar shota a buɗe don gari, hasken wata zai cika wurinsa ya tumbatsa, ya zama farin dunƙule. Shi ne abin da masu kyamara ke cewa ya ƙone.

Mai karatu zai ce, to ai ido yana ganin duka biyun. Haka ne, amma ido wayo yake yi. In mutum ya dubi wata, ƙwayar idonsa ta tsuke. In ya dawo kan titi, ta buɗe. Ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa masa su kamar a tare ya gani. Kyamara ba ta da wannan gatan. Awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya. Kyamarorin VHS da aka fara finafinan Hausa da su tun zamanin Turmin Danya a 1990 sun fi kowa shan wannan wahalar, shi ya sa daren tsofaffin finafinai ko dai ya yi duhu da yashi-yashi, ko kuma a dalle fuskar ɗan wasa da fitila har ya riƙa ƙifce ido. Na zamanin kaset ɗin DV sun ɗan fi. Na yau, tun daga irin su Canon 5D Mark II ta 2008 da Sony A7S ta 2014, sun yi nisa ƙwarai wajen gani a duhu, amma har yanzu in dare ya yi dare, wata ya fi ƙarfin titi.

MINTI ASHIRIN KACAL

Tunda ba a iya rage wa wata haske, ba kuma a iya haska gari guda da fitilar hannu, dabara ita ce a nemi lokacin da hasken biyu ke kusa da juna. Wannan lokaci yana zuwa ne daf da faɗuwar rana da 'yan mintunan da ke biye, sa'ad da sararin sama ke da sauran shuɗi, gine-gine na fitowa da kansu, masu shago kuma sun fara kunna fitilu. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance wata ya riga ya fito.

A nan lissafin watan Musulunci ke shigowa, wanda kowace tsohuwa a Kusada ta iya. Wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 a kowace rana. Ranar da ya cika, yana fitowa a gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma. Kwana ɗaya ko biyu kafin cikar, yana riga rana, sai a same shi ya ɗan ɗago saman rufi alhali gari na da haske, kuma a ido ba a bambanta shi da cikakke. Saboda haka yammacin 12 da 13 ga wata su ne na mai kyamara, wani watan har 14. Daga nan kuwa an shiga jira: ranar 16 sai bayan isha'i, kamar yadda samarin nan suka gani. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dai a sani, wannan taga ƙarama ce. Kankiya da Kusada suna wajen digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a irin wannan wuri rana tana nutsewa ne kai-tsaye. Tsakanin faɗuwarta da shigar duhu minti ashirin da 'yan kai ne, ba kamar Ingila ba inda almuru kan ja lokaci. A shekara, faɗuwar ranar tana yawo ne tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma.

Manyan masu kyamara na duniya da wannan 'yar tagar suka yi suna. Ranar 1 ga Nuwamba, 1941, Ansel Adams, shahararren mai hoto na Amurka, yana tafe a mota da yamma ya hangi wata ya ɗago a kan wani ƙauye mai suna Hernandez a jihar New Mexico, rana kuma na gab da ɓacewa. Ya nemi na'urar awon haskensa ya rasa, sai ya yi lissafi da hasken wata da ya haddace, ya danna sau ɗaya. Kafin ya shirya na biyu haske ya tafi. Wannan hoton yana cikin mafi shahara a tarihi. Haka fim ɗin Days of Heaven na 1978: an ɗauki yawancin fitowarsa ta waje ne a wannan ɗan lokaci na almuru, ana shiri tun da rana don aikin minti ashirin, kuma mai kyamararsa Néstor Almendros ya ci kyautar Oscar da shi.

To amma a ƙasar Hausa akwai abin da su Almendros ba su yi lissafi da shi ba: wannan lokacin shi ne na sallar magariba. Darakta mai hankali ba ya bari aiki ya yi karo da salla, ko ya kafa kyamara a ƙofar masallaci jama'a na alwala. Shi ya sa ranar 12 ta fi daɗi, domin wata ya riga ya ɗago tun kafin kiran salla, ana iya ɗaukar babban hoto a minti goman ƙarshe na rana, a je a yi salla, a dawo a ƙarasa na kusa-kusa da fitila. Wanda kuma bai samu haka ba, akwai asuba. A safiyar 14, 15 ko 16 ga wata, bayan an idar da salla gari ya fara wayewa, cikakken wata yana nan rataye a yamma. Iska ta kwanta, ƙura ta lafa, titi babu cunkoso, ga fitilun masallaci da na sola da wutar mai ƙosai. A fim babu mai gane asuba ce ko almuru in an iya ɗauka.

Akwai kuma jinjirin wata na kwana biyu zuwa huɗu, wanda ke yamma bayan faɗuwar rana. Shi bai da zafin haske kamar cikakke, kuma in an lura za a ga sauran jikinsa yana ɗan haske dishi-dishi. Hasken rana ne da ya bugi duniya ya koma kansa. Wani lokaci a samu Zara matar wata a kusa da shi. Fim ɗin azumi ko na Salla ba ya bukatar abin da ya fi wannan.

YADDA ZA A SAITA

Da farko a je wurin tun jiya. A tsaya inda za a kafa kyamara, a ga ta inda wata ya fito, a rubuta lokaci, a ƙara minti 50 don gobe. Wurin fitowarsa yana sauyawa da shekara. Cikakken wata na lokacin sanyi, wajen Disamba, yana fitowa ne arewa maso gabas. Ga wanda ke Kankiya, ta wajen Ingawa ke nan. Na tsakiyar shekara, wajen Yuni, yana karkata kudu maso gabas, ta wajen Kusada. Manhajojin waya irin su PhotoPills da Stellarium suna nuna wuri da minti daidai.

Na biyu, kyamara ta hau tirayfod, wato sandar nan mai ƙafa uku. Hannu komai ƙarfinsa yana rawa, musamman da dogon lensi. A cire ta daga otomatik, domin otomatik duhun da ya cika hoto take gani, sai ta yi ta buɗewa har wata ya ƙone. Fokos ma a yi shi da hannu.

Na uku, a auna haske a kan wata, sauran su biyo baya. Dalili kuwa, abin da ya yi duhu kaɗan ana iya ɗago shi a wajen editin, amma abin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu editan da zai dawo da shi. Daf da faɗuwar rana, mai hoto ya fara gwaji da ISO 100, f/8, shota 1/60, ya duba, ya gyara. Kyamarar da ke da layukan gargaɗin nan da ake kira zebura, a kunna su. Da zarar sun hau fuskar wata, a tsuke airis kaɗan. Haske yana raguwa kowane minti biyu-uku, don haka hannu ba ya barin saiti. Mai kyamarar da ke iya ɗaukar RAW ya yi da shi, ya fi ba da damar gyara.

Na huɗu, ga masu bidiyo: a tsaya a kan firem 25 da shota 1/50. Wutar lantarkin Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wanda ya saita 30 da 1/60 irin na Amurka zai ga fitilun shaguna suna ƙyafta ido a hoto. Ƙananan janaretoci ma ba sa riƙe bugu daidai, don haka a duba allo da kyau kafin a ce akshin. Tunda shota ba ta motsi a bidiyo, da airis da ISO za a yi wasa.

Na biyar, fuskar 'yan wasa. Tunda sun ba gabas baya, suna fuskantar yamma inda sauran hasken rana yake, kuma wannan haske mai laushi ya fi kowace fitila kyau a fata. In ya ragu, a ƙara da 'yar fitilar batir daga gefe, a rufe ta da farin ƙyalle, ko a mayar da haske da farin kwali. Kada a dalle mutum daga gaba.

Na shida, wata ba ya jiran kowa. Cikin minti biyu yana gusawa da faɗin jikinsa. Dalili ke nan da ya sa shota mai daƙiƙa da yawa ke mayar da shi kamar ƙwan agwagwa. Dalili ke nan kuma da ya sa ake fara ɗaukar babban hoto mai wata, a bar na fuska da hawaye sai daga baya. Jarumin da bai haddace maganarsa ba ya haddace tun da la'asar.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba, ko Tecno ce ko Infinix ko iPhone. Ya fara goge gilashin, domin ƙura da maiƙon yatsa su ne ke sa wata ya yi gashi. Ya jingina wayar da bulo ko tirayfod, ya danna kan wata ya riƙe har saitin ya kulle, sannan ya ja alamar rana ƙasa har tabon wata ya fito. Wayar da ke da sashen Pro tana ba da damar sa ISO da shota da hannu. Tsarin ɗaukar dare, wanda Google ya fito da nasa a 2018, Apple kuma a 2019, yana haɗa hotuna da yawa ya haska gari, amma sau da yawa yana ƙona wata. Da almuru ya fi amfani.

DON ME YA ZAMA ƊAN TSITO?

Ƙorafi na biyu da ake yawan yi shi ne wata ya fito ƙato kamar faifai a ido, amma a hoto ya koma kamar ƙwayar magani. Gaskiyar magana, girman da ake gani in yana ƙasa-ƙasa ruɗin ido ne. Faɗinsa a sama rabin digiri ne kawai. Mutum ya miƙe hannu, farcen ɗan yatsansa ya isa ya rufe shi. Gilashin waya mai faɗi ne, shi ya sa yake mayar da shi ɗigo. Jan zum da yatsa kuwa yankan hoto ne, ba ya ƙara komai sai dishi-dishi.

Maganin shi ne dogon lensi, daga milimita 200 zuwa sama, da kuma ja da baya. Akwai lissafi mai sauƙi: in ana son abu ya yi tsayi ɗaya da wata a hoto, a ninka tsayinsa sau 110, a ja baya da wannan nisan. Mutum mai tsayin mita 1.7 sai an ba shi kusan mita 190. Hasumiyar masallaci ko tankin ruwa mai mita 10 sai an yi nisan sama da kilomita ɗaya. Ƙasar Kankiya da Kusada shimfiɗaɗɗiya ce, bayan an yi girbi ana hango gari daga nesa, don haka wannan dabara tana yiwuwa. Darakta da jarumi sai su riƙa magana ta waya. Wanda ke birnin Katsina kuma yana da hasumiyar Gobarau, in ya samu wurin tsayawa ta yamma da ita.

IN LOKACI YA WUCE FA?

Wani labarin dole sai tsakar dare, shaguna sun rufe, titi ya yi tsit. A nan sai a yi ɗauka biyu ba tare da an taɓa tirayfod ba: ɗaya an auna wata, ɗaya an auna gari, edita ya ɗora su a Premiere ko DaVinci Resolve, mai waya kuma a CapCut ko Snapseed. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, saboda irin wannan matsala ta bambancin haske. Shahararren hoton nan na fim ɗin E.T. na 1982, inda yaro ke tashi a keke ta gaban ƙaton wata, shi ma wata na gaske aka ɗauka daban da dogon lensi, aka haɗa.

Sirrin haɗin shi ne kada a goge ɗan hasken da ke kewaye da wata a hoton gari, domin wata mai kaifin baki kamar an yanka da almakashi nan take ake gane na jabu ne. Kuma ya zauna a inda yake, da girman da ya dace da lensin da aka yi aiki da shi.

Abin lura a nan shi ne Bahaushe ya san wata. Da shi yake azumi, da shi yake Salla, da shi ake sa ranar biki. Editan da ya sauko da hoton wata daga intanet ya manna yana iya jawo wa fim dariya a gidan kallo. Cikakken wata a daren ƙaramar Salla kuskure ne, domin jinjiri ne a ranar, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Yaran tashe, da ke farawa goma ga azumi, a ƙarƙashin watan da ya wuce rabi suke yawo. Jinjirin watan ƙasar Hausa yana kwanciya ne kamar ƙwarya, ƙahoninsa na kallon sama, ba kamar na ƙasashen Turai da yawanci ke tsaye a gefe ba. Gajimare yana wucewa ta gaban wata, ba ta bayansa ba. Tauraro kuma ba ya zama a cikin ƙahon jinjiri sai a tambari.

A fim, haɗi ado ne, kowa ya san labari ake bayarwa. Amma mai hoton da zai ce wa jama'a ga Kankiya daren jiya, ya kamata ya faɗi in ya haɗa. A watan Maris na 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce a duniya bayan wani ya dusashe hoton wata a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung Galaxy, sai wayar ta fito da tabo-tabon da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke ƙara wa hoton wata fitowa, kuma ana iya kashe tsarin. Don haka wanda wayarsa ta ba shi wata mai kyau, kada ya yi saurin buga ƙirji.

Akwai kuma tsohuwar dabarar ɗaukar dare da rana: a yi aiki da hantsi ko la'asar, a rage haske, a mayar da launi shuɗi-shuɗi, a kauce wa nuna sama da yawa. Faransawa suna kiranta daren Amurka, har François Truffaut ya sa wa fim ɗinsa na 1973 wannan suna. Daren da ake gani a Mad Max: Fury Road na 2015 da rana aka ɗauke shi a hamadar Namibiya. Dabarar tana aiki a gona ko bakin rafi, amma ba ta aiki a cikin gari, domin fitilar shago ba ta haske da rana. Shuɗin ma al'adar fim ce kawai. Hasken wata na ainihi hasken rana ne da ya raunana.

HAZO, DAMINA DA ZAMAN LAFIYA

Yanayi ma yana da ta cewa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana iya haɗiye wata har sai ya yi sama sosai. In hazon kaɗan ne kuwa, alheri ne, domin yana rage masa zafi ya ba shi launin ja-ja kamar garwashi, sai ya zo kusa da hasken gari. Da damina gajimare na iya ɓata shiri, amma yammacin da aka yi ruwa aka ɗauke, sama takan wanke tas. Kaka, wajen Oktoba, ta fi kowane lokaci: ruwa ya janye, ƙura ba ta taso ba.

Fitilun gari kuma kala-kala ne. Na sola fari ne mai shuɗi, tsohon ƙwai rawaya, wutar mai tsire ja. A sa ma'aunin launi a kan na rana a bar shi, kowace fitila ta fito da kalarta. Kada a dogara da wutar NEPA. A yi magana da masu shago biyu-uku tun da wuri, a saya musu ɗan man inji. Mai hoto da ke son jan layin fitilun tireloli a kan titi zai samu da shota ta daƙiƙa huɗu zuwa goma, amma wannan sai a ɗauka biyu, kuma daga nesa da kwalta.

Daga ƙarshe, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro kafin a kafa kaya, a nemi izinin duk wanda fuskarsa ko shagonsa zai fito. Halin tsaron da sassan Jihar Katsina suka shiga a shekarun nan ya isa ya hana kowa fita bayan gari da tsakar dare da kayan miliyoyi don neman wata. Wannan ma wani dalili ne na riƙe almuru da asuba, lokacin da jama'a ke waje.

Su kuwa samarin Kusada, kuɗin hayar kwana biyu ya tafi, jaruma ta koma gida, sai sun jira kwana 26 kafin 12 ga wata mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Furodusan da ke tsara jadawalin shutin, in akwai wata a labarinsa, ya fara buɗe kalandar Musulunci kafin ya kira mai hayar kyamara. In babu kalanda a kusa, ya tambayi Baba mai shayi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai, filin zai duba yadda ake haska fuskar ɗan wasa a zaure da fitila ɗaya tak. Masu gwada abin da suka karanta a yau suna iya aiko da hotunansu, tare da kwanan wata da lokacin da suka ɗauka.